Wa Ya Fara Ƙyanƙyasar Ƙwai Ba Tare da Kaza Ba?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi a wani ƙauye na ƙasar Auyo, wanda ya roƙa a sakaya sunansa, wai don kada abokan wasa su sami abin yi a majalisa. To mun sakaya. Malamin ya ce ambaliyar 2022 ta tafi da akurkinsa da kajin iyalinsa, ya yi ta lallaɓawa har kaji suka sake taruwa. Da kakar bara sai ya sayar da riɗi ya sayi ɗan injin ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana, mai cin ƙwai 56. Da ruwa ya sauka ya shiga kasuwa ya sayi ƙwan zabi 50 ya zuba. Ya ƙirga kwana 28 cif, sai ga 'yan tsaki 6 kacal, biyu ma ba su kwana ba. Yanzu maƙwabta na cewa ai dama tsakon inji ba ya rai, shi kuma wanda ya sayar masa da injin ya ce ƙaramin ne ba shi da ƙarfi, ya zo ya ɗauki babba. Malamin yana shawarar ya sayar da kajin gidan guda 9 ya cika kuɗi. Amma kafin nan yana so mu gaya masa wanda ya fara wannan dabara, da lokacin da ta zo ƙasarmu, kuma shin gaskiya ne tsakon inji ba ya rai?

To Malam, mun gode da tambaya, Allah Ya mayar da alheri. Amsar za ta ɗan yi tsawo, sai ka gyara zama. Abu ɗaya dai zan faɗa tun yanzu don kada ranar kasuwa ta riga ni: kada ka sayar da kajin nan. Dalili na tafe.

Mu fara da tsuntsayen kansu. Zabuwa 'yar gida ce, a nan Afirka ta Yamma aka kamo ta daga daji aka saba da ita, kuma har gobe ba ta gama yarda da mutum ba. Kaza kuwa baƙuwa ce, asalinta dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, sai dai baƙuntar ta daɗe. Masu tonon tarihi sun samo ƙasusuwan kaji a tsohon garin Jenne na ƙasar Mali da kuma Kirikongo a Burkina Faso, waɗanda suka haura shekara 1,000 a ƙasa. Da matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya ratsa Mali a 1352, ya ba da labarin cewa in ya sauka ƙauye mata kan fito da gero da nono da kaji su sayar masa. Ka ga tun wancan zamani kaza dukiyar mata ce. Agwagwa ita ce auta. Wannan mai jan fuska da muke kiwo a bakin kogi asalinta Kudancin Amurka ne, jiragen ruwan Turawa suka kawo ta gaɓar teku, daga nan ta hauro.

Haɗuwar 'yar gida da baƙuwa ita ta ba mu injin ƙyanƙyasa na farko a ƙasar Hausa, wato kaza. Zabuwa gwanar saka ce, amma ba uwa ba ce. Da damina ta kankama za ta fara zuba ƙwai a ɓoye, cikin ciyawa ko a gindin gero, wani lokaci uku ko huɗu su haɗu a gurbi ɗaya. Ba ta cika yin kwanci ba sai damina ta ja baya, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta kwashi 'ya'yan ta shiga raɓa da su da sassafe, kafin hantsi rabi sun sandare. Kakanninmu suka ga haka suka raba aiki: zabuwa ta saka, kaza ta kwanta.

Na ga wannan aiki da idona a hannun kakata, Allah Ya ji ƙanta, a ƙauyenmu na ƙasar Kafin Hausa. Mu yara aikinmu shi ne bin zabuwa a hankali har mu gano gurbi. Ita kuwa ba ta yarda a sa hannu, da ludayi take ɗebo ƙwan, wai in zabuwa ta ji warin mutum sai ta sauya wuri, kuma kullum sai ta bar guda uku a ciki don kada mai gurbi ta ga an yi mata wayau. Ƙwan sai ta jera a ƙwarya mai yashi, ta tura ƙarƙashin gado kusa da randa inda ke da sanyi, ba ta bari ya wuce mako. Ba kowace kaza take ba amana ba, sai wadda ta ga ta kwana biyu a gurbi tana hura gashi tana saran duk wanda ya matso. Da dare take zare ƙwan kazar ta sa na zabi, 12 zuwa 15, gwargwadon girman kazar, ta barbaɗa toka saboda ƙuma. Bayan kwana 7 sai ta ƙara ƙwan kaza biyu ko uku. Na tambaye ta dalili, ta ce ƙwan zabi ya fi na kaza jimawa da mako guda, in an yi haka sai su fito tare, 'ya'yan kazar su koya wa 'yan zabi hanyar gida. Sai da na shiga kwalejin horon malamai na ga an rubuta a littafi: kaza kwana 21, zabuwa kwana 26 zuwa 28, talotalo 28, agwagwarmu 35. Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba.

In ka zauna ka lura da kaza mai kwanci, Malam, za ka ga ba zama kawai take yi ba. Gashin ƙirjinta kan zube don fatarta ta taɓa ƙwai ta ba shi ɗumi, ɗumin da ba ya hawa ba ya sauka. Takan sa baki ta jujjuya ƙwan dare da rana, na gefe ya dawo tsakiya, don kada abin da ke ciki ya manne da ɓawo. Gurbinta a ƙasa yake, ga danshin ƙasa ga na jikinta. Sau ɗaya a yini takan tashi ta ci ta sha ta yi birgima, ƙwan ya sha iska, ta dawo. Duk wanda ya taɓa ƙera injin ƙyanƙyasa a duniya, wannan aiki yake ƙoƙarin kwaikwaya.

Waɗanda tarihi ya fi sani da fara kwaikwayon su ne Misirawa. Masanin nan na ƙasar Girka, Aristotal, wanda ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya rubuta cewa a Masar ana binne ƙwai cikin taki ya ƙyanƙyashe da kansa. Da alama labari ya ji bai gani ba, don wanda ya gani da ido ya faɗi abin da ya fi haka. Wannan kuwa shi ne Abdullaɗif al-Bagdadi, wani likita mutumin Bagadaza da ya zauna a Alƙahira wajen shekarar 1200. Ya ce gini ne na ƙasa mai ɗakuna jere, kowane ɗaki na cin ƙwai kusan 2,000. Ana shimfiɗa ƙwan a ƙasa, a sama kuma ana hura wutar busasshen kashin shanu a hankali, ɗumi na saukowa. Mai aikin ba shi da ma'aunin zafi. Sai ya ɗauki ƙwai ya ɗora a kan fatar idonsa, in ya ji ya yi zafi ya rage wuta, in ya ji sanyi ya ƙara. Yana juya ƙwan da hannu, yana ɗaga shi a gaban fitila don ya ware wanda ba shi da rai. A cikin ginin yake kwana har a gama.

Sana'ar gado ce. Wani gari mai suna Birma, kusa da Ɗanɗa a arewacin Masar, shi ya yi suna a kanta, mutanensa kan bazu ƙauyuka in lokaci ya yi, kuma ba sa koya wa bare. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Lane, da ya wallafa littafi a kan zaman Misirawa a 1836, ya ce manoma kan kai ƙwansu wurin mai ginin, duk ƙwai biyu a ba su tsako ɗaya, abin da ya yi saura na mai aiki ne. Ka riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Mutanen Sin su ma sun daɗe da tasu dabara, musamman ga ƙwan agwagi. Ɗaya daga ciki ita ce a ɗumama buntun shinkafa a lulluɓe ƙwai da shi cikin kwanduna. Daga shekarun 1970 wannan dabara ta shiga Bangaladash, ƙasar ruwa da shinkafa kamar tamu, mata na yin ta a ƙauyukan da ba lantarki. Duk lokacin da na wuce ta bayan injinan casar shinkafa a Haɗejiya na ga tsibin buntu yana hayaƙi, sai wannan labari ya faɗo mini.

Turawa su ne suka zo a makare. Sun daɗe suna jin labarin Masar suna gwadawa ba sa dacewa, saboda ƙasarsu ta fi sanyi, kuma ba su da fatar idon mutanen Birma. Wani masani Bafaranshe mai suna Reyomur, wanda ya ƙera nasa ma'aunin zafi, ya wallafa littafi a 1749 a kan ƙyanƙyasa. Shi ganga yake cusawa cikin kashin dawaki mai ɗumi, ko ya ajiye ƙwai kusa da tandar masu burodi, yana auna zafin yana rubutawa. Abin da ya ƙara a kan Misirawa ke nan: ya mai da abin da ke cikin jikin gwani ya zama lamba wadda kowa zai iya karantawa. Saura kuma wanda zai tsare wutar in mutum ya yi barci. A 1879 wani Lyman Byce a garin Petaluma na Amurka ya fitar da injin da ya karɓu a kasuwa, a 1881 kuma wani Charles Hearson a Landan ya fito da wani ɗan ƙarfe mai kumbura in zafi ya yi yawa, ya ɗaga murfi zafin ya fita, in ya huce ya rufe. Da fitilar kananzir injin nasa ke aiki. Na lantarki kuwa daga baya ya zo, irin wanda wani Petersime ya ƙera a Amurka. Ka ga ashe lantarki jiya-jiya ya shigo maganar.

To yaushe abin ya zo mana? Zamanin Turawan mulkin mallaka ne, kuma ba gidajen talakawa ya fara sauka ba, gonakin gwamnati da makarantun aikin gona ya sauka. A 1924 aka kafa cibiyar likitan dabbobi a Vom kusa da Jos, wadda har yanzu ita ke yin allurar rigakafin kaji. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Mu a nan abin da ya fara taɓa mu shi ne jirgin ƙasa, da layin Kano zuwa Nguru ya buɗe a 1930 ya bi ta Malam Madori da Birniwa. Hanya ta buɗe, gyaɗa da kifi da kaji suka sami mafita, amma ƙyanƙyasa tana nan a hannun kaza da tsofaffi.

Abin da malaman gona suka fi matsa wa ƙauye da shi a lokuta daban-daban shi ne musanyar zakaru: ka kawo zakaranka na gida a ba ka jan zakaran Turawa, don iri ya gyaru. Niyya mai kyau ce, amma ba ta yi nisa ba. Jan zakara bai san shirwa ba, bai san muzuru ba, bai iya tono a juji ba, ga zakaran maƙwabci da ba a musanya ba yana tsallako danga kullum. Ga kuma annobar nan ta hunturu mai share akurki a mako guda, wadda likitoci ke kira Newcastle, sunan garin Ingila inda aka gane ta a 1926 (samari masu kallon ƙwallo sun san garin). A farkon shekarun 1950 aka fara tabbatar da ita a Nijeriya.

Kiwon kajin gidan gona ya bunƙasa ne da kuɗin man fetur. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi lambu ya ajiye kaji a bayan gida, ma'aikata da yawa suka kafa keji. Bayan 1986 da darajar naira ta faɗi, abincin kaji ya yi tsada, gonaki da dama suka rufe. A 2000 masanan Shika suka fitar da kaza mai saka da ta dace da zafinmu, Shika Brown. Daga baya wani kamfani a garin Awe na Jihar Oyo ya fito da Noiler, wadda yanzu ba kasuwar da ba ta shiga ba. A watan Fabrairu na 2006 kuma aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona kusa da Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga wannan nau'in nata a Afirka, aka yi ta kashe kaji ana binnewa, diyyar farko naira 250 kan kowace kaza. Mu da ke zaune a fadamar da tsuntsayen Turai ke sauka duk hunturu, daga Baturiya har Nguru, mun ji tsoro a shekarar nan ba kaɗan ba.

Ga inda nake so ka saurara da kyau, Malam. Kazar gida kan saka ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, kazar gidan gona kuwa kusan 300. Ina bambancin ya fito? Kazar gida in ta tara goma sha sai ta daina saka, ta yi mako uku tana kwanci, ta yi wata biyu tana yawo da 'ya'ya. Da Turawa suka sami inji sai suka ga ba su da bukatar kaza mai kwanci, suka yi ta zaɓen waɗanda ba sa yi suna haɗa iri, har aka wayi gari an sami kazar da ta manta kwanci gaba ɗaya. Ƙwai ya yawaita, gaskiya ne. Amma mai irin wannan kaza ba zai iya sabunta garkensa da kansa ba, dole ya koma wurin mai inji. Shi ya sa tsakon kwana ɗaya da ake sayarwa a kasuwanninmu mafi yawansa daga Ibadan yake tasowa, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin kwali. Abin da ke sa ya iso da rai shi ne ragowar gwaiduwar da ya shanye kafin ya fito, wadda kan riƙe shi kwana biyu zuwa uku. In mota ta lalace a hanya kuwa, sai dai haƙuri. Kajinka 9 ɗin nan da ruwa bai ci ba, ko kuma ka sake tarawa bayan ruwa, suna da abin da kuɗi ya cire daga jikin waɗancan. In ka sayar da su ka zama ba ka da madogara sai batir.

Ba wai ina kushe inji ba ne. Ni ma na taɓa shiga wannan rami, kuma nawa ya fi naka ban dariya. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye kafin in shigo rediyo, na karanta a littafi yadda ake haɗa inji da kwali da fitilar ƙwai. Na ce to fitilar ƙwai ai sunanta ma ya nuna aikinta. Na tara ƙwai 30 daga gidajen 'yan ajina, da alkawarin kowa zai sami tsako. Kwana 9 ina tashi cikin dare ina duba lagwani. A dare na goma barci ya sace ni, wuta ta hau, da asuba na taɓa ƙwai na ji kamar an sauke daga tukunya. Da albashina na biya iyayen yara, kuma har na bar garin ana kirana Malam mai dafa-duka. Laifin ba na kwali ba ne. Na ɗauki aikin da kaza ke yi ba ta runtsawa, na ce zan yi shi bayan na tashi daga makaranta.

Yanzu mu dawo kan ƙwanka 50. Abin da na fi zargi ba injin ba ne, ƙwan ne. Ƙwan zabin kasuwa don ci ake tara shi. Mai tarawa kan yi mako biyu ko uku yana bi gida-gida, a zuba a kwando, a ɗaura a babur, ya sha rana ya sha girgiza, wani ma a tsoma shi a ruwa don gwaji. Ga shi zabi ba kamar kaji ba ne, namiji ɗaya ba ya iya wa mata da yawa, kuma mutane sun saba sayar da mazan da salla su bar matan, sai ƙwai ya yi yawa amma ba rai a ciki. Na kiret ɗin gidan gona kuwa kada ma ka gwada, kajin ba su taɓa ganin zakara ba. Nemi ƙwai a gidan da ka ga zabinsu da idonka, maza da mata na kiwo tare, wanda bai wuce kwana 7 ba, marar tsaga, ba a wanke ba. A ajiye shi a inuwa mai sanyi, tsinin yana ƙasa.

Na biyu shi ne zafi. Injin mai fanka yana son digiri 37 da rabi. Ƙaramin inji ya iya ƙara zafi amma bai iya ragewa ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafin inuwa kansa kan wuce 40. In ka ajiye shi a ɗakin kwano da rana tsaka, ɗakin ne zai dafa maka ƙwai, injin yana kallo. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi, nesa da taga. Kuma ka sayi ɗan ma'aunin zafi irin na asibiti ka sa a ciki daidai saman ƙwai, don lambar da ke jikin injin takan yi ƙarya. A watan Agusta kuma matsalar takan juya: lokacin ƙwan zabi ya fi yawa, lokacin ne kuma hadari kan rufe rana kwana biyu, batir bai cika ba, ya mutu kafin asuba mai gida na barci. In haka ta faru kada ka zubar da ƙwai. Sanyin 'yan sa'o'i ba ya kashewa kamar zafi. Lulluɓe injin da bargo ka bar ƙofar iska, ka sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki har rana ta fito.

Danshi kuma da lokaci yake tafiya. Da hunturu iska ta bushe, sai an yawaita ruwa a tiren da ke ƙasa. Da tsakiyar damina kaɗan ya isa. Juyi aƙalla sau uku a yini in injin ba ya juyawa da kansa, ka yi wa ƙwan alama da gawayi gefe da gefe don kada ka rikice. Kwana uku kafin fita, wato rana ta 18 ga kaza, ta 24 ko 25 ga zabuwa, sai a daina juyi, a ƙara ruwa, a bar buɗe murfi. Nan ne masu farawa ke ɓarna, don in an ji kuka a cikin ƙwai kowa a gidan sai ya zo leƙe. Tsako kan yi yini guda tsakanin huda ɓawo da fitowa. Kada a ɓare masa.

Sai dabarar nan ta mutanen Birma, wadda tocilar waya ta sauƙaƙe mana. A daren kwana na 7 ga ƙwan kaza, na 10 ga na zabi saboda kaurin ɓawonsa, ka shiga duhu ka haska kowane ƙwai ta wajen faɗinsa. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda ya fito fes ba komai, cire shi tun bai zama baragurbi ya fashe a kan 'yan'uwansa ba. Da ka yi haka, da tun a mako na biyu ka san ko ƙwai 50 ka saya ko 15. In kuma an gama, waɗanda ba su fito ba kada a watsar, a fasa su a bayan gida a duba. In ba alamar komai, laifin mai ƙwai ne. In ga zoben jini, ya fara ya mutu da wuri, a binciki zafi ko tsufan ƙwai. In ga tsako cikakke da gashinsa bai fito ba, a binciki danshi da iska na kwanakin ƙarshe. Da wannan za ka koma wa mai sayar da inji da magana a bakinka.

Batun cewa tsakon inji ba ya rai, maƙwabtanka sun ga wani abu, fassarar ce ba daidai ba. Tsakon ɗaya ne, uwa ce ba shi da ita. Inji kan ajiye aiki ranar da ƙwai ya fashe, kaza kuwa ranar take fara rabi na biyu. Ɗan zabo musamman ba ya jure sanyi da jiƙa a makonnin farko. Sai ka kewaye wuri da kwali, ka shimfiɗa buntu, ka sa garwashi a tukunyar ƙasa a tsakiya, a bar hanyar iska. Su da kansu za su gaya maka: in sun dunƙule jikin tukunya sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Ruwan sha a sakaina marar zurfi da tsakuwa a ciki, don ɗan zabo kan nutse a abin da bai kai ya jiƙa tafin hannu ba. Abinci kuwa tsaki mai laushi da gara, irin wadda ake kamawa da tsohuwar tukunya da kashin shanu. A kuma nemi malamin dabbobi don rigakafin Newcastle kafin hunturu. Amma hanya mafi arha ita ce ka daidaita lokaci da wata kazarka mai kwanci, in na inji sun fito ka tura mata wasu a ƙarƙashin fiffike da dare, da safe ta tashi da su a matsayin nata.

Inda inji ya fi kaza shi ne yawa. Da damina ƙwan zabi kan fi ƙarfin kajin da ke kwanci a gari, kaza ɗaya 15 za ta ɗauka, naka kuwa 56. A nan lissafin Masar zai yi maka amfani. In hannunka ya faɗa, ba sai ka sayi ƙwai a kasuwa ba: matan unguwa su kawo sabon ƙwai daga gurbinsu, kowace ta yi wa nata alama, a yi yarjejeniyar rabo tun farko a gaban shaidu. Su sun san zabinsu, kai ka san injinka. Amma ba yanzu ba, sai ka yi zubi biyu ko uku da naka ka ga kamun ludayin abin, kada ka bi sawun Malam mai dafa-duka.

Ga abin da nake so ka yi kafin damina ta wuce. Samo sabon ƙwan zabi 30 daga gida ɗaya. Ba kaza 15, ka sa 15 a inji a rana ɗaya. Ɗanka da ya rubuto wasiƙar nan ya samu littafi, kullum safe da rana da dare ya rubuta abin da ma'auni ya nuna. In kaza ta fitar inji bai fitar ba, ka san inda za ka duba. In dukansu sun gaza, ka sauya gidan da kake sayen ƙwai. Bayan kwana 28 ka rubuto mana abin da ya fito, za mu karanta a fili, kuma sunan yana nan a sakaye.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, akwai wasiƙar wata baiwar Allah daga Guri da ke tambaya a kan kachala, yadda aka yi ta cinye hanyoyin ruwa bayan an gina madatsar Tiga a 1974. A huta lafiya.